Buhunan da Aka Ɗaure da Kaba

Ni ban taɓa noma ba, kuma ban taɓa cewa na iya ba. Gidanmu na malamai ne a tsohon garin Birnin Kebbi, shinkafa sai dai mu gan ta a kwano. Kwamfuta na karanta, ina gina wa mutane manhaja daga ɗakina, sannan Allah ya haɗa ni aure da ɗan manoman Zauro, muka zauna a unguwar Badariya. Surukina, wanda kowa ke kira Alhaji, yana da sito kusa da kasuwa inda ake tara shinkafa da albasa, wani lokaci har da kyafaffen kifi daga Argungu. Wata rana maigidana ya dawo yana ta washe baki, wai ya gaya wa mahaifinsa za a buɗe wa siton kanti a intanet, tunda ga mai yi a gida. Ko shawarata bai nema ba. Na ce to, ai an saba.

Mutane suna ɗauka kantin intanet hotuna ne da farashi. Ina! Wannan kwalliya ce kawai. Ainihin aikin yana can ƙasa, a rumbun bayanai, inda za ka zauna ka yanke wa kowane kaya gidansa. Na fara da rukuni: hatsi daban, kayan lambu daban, kifi daban. A ƙarƙashin hatsi na sa shinkafa, ita kuma na raba ta biyu, gyararriya wadda za a dafa, da shanshera wadda ke cikin ɓawonta ba a kai ta inji ba. Kowane kaya na ba shi layi ɗaya a tebur, shi ne uwa. Nau'o'insa kuma suna wani teburin, su ne 'ya'ya, kowanne da lambarsa da farashinsa da yawan abin da ya rage a sito. Shanshera uwa ce guda, amma tana da doguwa da gajera, ta bana da ta bara, babban buhu da ƙarami. Albasa tana da sabuwa da busasshiya. Kifi ba ruwansa da shekara, girma ne nasa da kwali. Da na cusa su a tebur ɗaya, da rabin gidajen sun zauna fanko, shi ya sa na ware wa siffofi wurinsu, kowane kaya ya ɗauki waɗanda suka dace da shi.

Inda ake wahala shi ne gane lokacin da bambanci ya wuce na nau'i. Ni dokata guda ce. In mai saye ya nemi wannan aka ba shi wancan, ya ja tsaki ya karɓa, to 'ya'yan uwa ɗaya ne. In kuwa musanyar za ta jawo ɓarna, to ba abu ɗaya ba ne, ko da ido ya rantse ɗaya ne. Da wannan dokar na ware wa irin shuka rukuni nasa, can nesa da shanshera, na kuma sa masa makulli: ba ya fita sito sai mai kaya ya amince da kansa. Ban san noma ba, amma na san abin da za a zuba a ƙasa da abin da za a zuba a tukunya bai kamata su kwana a layi ɗaya ba.

Saura in san ko akwai iri a siton. Mutum ɗaya ne ya san wannan tabbas, kuma shi ne wanda ba ni da bakin tambaya.

Tun da aka kawo ni ban taɓa haɗa ido da Alhaji ba. In na je gaisuwa, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ya amsa yana kallon wani wurin, ya sa mini albarka, in tashi. Sunansa ba ya fita bakina, har ɗana da ya ci sunan da laƙabi nake kiransa. Ba wanda ya yi mini dole, haka na taso na gani, kuma ina son abin har raina. Sai dai duk tambayar da nake da ita dole ta bi ta wurin maigidana, shi kuwa mutum ne da in ka aike shi da kwando zai dawo maka da faifai.

"Ka tambayi Baba, akwai irin shuka a sito?"

"Ba a ajiye iri a sito, a gida ake ajiyewa."

"Shi ya faɗa, ko kai ka faɗa?"

"Ke dai kin cika bin diddigi. A gidan aka haife ni fa."

Na sake tambaya da aka kwana biyu, ya ce ya ji. Na ƙara, ya ce ina so in mayar da shi ɗan aike. Rukunin iri ya zauna ba kowa a ciki. Mai kula da siton abokinsa ne na makaranta, ɗan birni kamata, shi ke ƙirga buhuna ya turo mini hotuna ta waya in shigar. Cikin bazara ya turo hoton wasu 'yan buhuna a kusurwa, ya rubuta: shanshera ja, ta bara. Na lura sauran buhuna duk ɗinke suke da zare, waɗannan kuwa an tattare bakinsu an ɗaure da kaba. Na nuna wa maigidana. Ko karɓar wayar bai yi ba, ya leƙo ya ce zare ne ya ƙare wa masu ɗinki. Na ce ya tambaya. Ya ce wallahi in na ƙara cewa ya tambaya zai fita ya bar mini gidan. Haka jar ta shiga ƙarƙashin shanshera, nau'i guda cikin 'yan'uwanta.

Akwai kuma wani maɓalli da maigidana ya matsa sai da na saka. Masu injin gumi, waɗanda ke jiƙa shanshera a ruwan zafi su turara ta kafin su cashe, wasunsu ba su damu da nau'i ba, cika mota suke so. Sai na yi musu wurin da za su danna su ce a haɗa musu duk shansherar da ke ƙasa. Maɓallin yana kwashe 'ya'yan uwa ɗaya ne kawai, ba ya tsallakawa wani rukunin.

Ranar da abin ya faru, Inna, uwar maigidana, tana gidanmu, ta zo ganin likitan gwiwa ta kwana. Da hantsi ina zaune a tabarma ina duba odar da ta shigo jiya daga wani inji a Argungu. Sun danna maɓallin nan, sun kwashe shanshera kakaf, an yi lodi tun da safe mota ta tashi. Ina bin nau'o'in ɗaya bayan ɗaya ina tabbatar kowanne ya koma sifili, hotunansu suna wucewa. Inna tana gefena tana jan carbi, tana leƙen na'urar kamar yadda take leƙen talabijin.

"Ke, tsaya," in ji ta. "Maido wanga hoto."

Na maido.

"Wagga ai jar Alhaji ta. Mi yak kai ta cikin na'ura?"

"Inna, shanshera ce ta sito."

"Wace shanshera! Ba ki ga ɗaurin kaba ba? Iri ba a ɗinke bakinai, ɗaurewa ake. Ɗakin ajiya anka kware za a sake rufi kahin ruwa, shi yas sa Alhaji ya ce a kai ta sito ta ɗan zauna."

Na san labarin jar nan, ba wanda zai auri ɗan gidan bai sani ba. Shinkafar zurfi ce, ana watsa ta kafin ruwa ya sauka, in kogin Rima ya cika ya malalo fadama, ita sai ta dinga tsawo tana bin ruwan, kanta a sama. Alhaji a hannun mahaifinsa ya gaje ta. Kowa ya bar ta ya koma gajerun zamani masu saurin nuna, har ana yi masa dariya. Da ambaliya ta shanye gonakin mutane a daminar da ta wuce, tasa ce kaɗai ta tsaya a kwarin nan, waɗanda suka yi dariyar suka dawo suna roƙon ko tiya guda. Ya ce su bari ya ƙara yawanta tukuna. Ban taɓa ganinta da ɓawo ba, a tuwo kawai na san ta.

"Inna, akwai saura a gida?"

"Ko ƙwara. Duka ita ta nan."

Na kira maigidana, ba ta shiga. Ya bi Alhaji fadama wurin yankan shinkafar rani, can kuwa waya ba ta kamawa. Na kira mai kula da sito, ya ce shi abin da na'ura ta ce a loda ya loda, direban kuma na masu injin ne, ba shi da lambarsa. Na kira lambar da ke jikin odar. Wani magatakarda ya ɗauka, na yi masa bayani ina haɗa kalmomi. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Hajiya, an yi ciniki, an sa albarka. Ni ba ni tsayar da kayan maigidana a kan maganar waya. In mai kaya yana da magana, ya zo ya ga maigida, ai sun san juna." Na ce ya ba ni maigidan, ya ce yana wajen tukunya. Na ce don girman Allah ya ware buhunan da aka ɗaure da kaba kawai. Ya ce zai duba, da muryar da na san ba zai duba ba.

Na ɗauki mayafi da makullin motata. Inna ta ce ba za a bar ta ba, na tallafe ta ta shiga. Daga Badariya zuwa Zauro ba nisa, amma ranar kamar kowace babbar mota a Kebbi ta rantse sai ta shiga gabana. Inna tana ta salati. Ni kuwa zagi nake a zuci, kuma na san wanda nake zagi.

Inda hanyar mota ta ƙare na tsaya. Daga nan sai ƙafa, a kan iyakar fangali, wato kunyar da ke raba gonakin shinkafa, ga taɓo. Inna ta buɗe ƙofa, ta sauko da ƙafa ɗaya, ta dube ni. Gwiwar ba za ta kai ta ba.

"Tahi ke," ta ce.

"Inna, ni? Gaban Baba?"

"To wa? Tahi, ɗiyata, Allah na gani."

Na cire takalmi na riƙe a hannu. Maza ne cike da gonar, masu yanka da masu bugu, duk suka ɗago suna kallon matar birni tana tsallen taɓo. Can na hango Alhaji zaune a inuwar tarin shinkafa, da farar riga da malafa. Maigidana ya gan ni tun daga nesa, ya taho da sauri ya tare ni.

"Lafiya? Yara?"

"Yara lafiya. Buhunan da ka ce zare ne ya ƙare, irin Baba ne. Jar. Tana Argungu, wurin masu gumi."

Na ga fuskarsa ta sauya. Ya waiwaya ya dubi mahaifinsa, ya juyo, ya rage murya.

"Koma mota. Zan san yadda zan gaya mishi. Bari a gama wannan awon, in ja shi gefe a hankali."

A hankali! Ruwa yana kan wuta a Argungu, shi yana neman a hankali. Na san shi sarai, zai yi ta kewaye-kewaye yana neman hanyar da laifin ba zai faɗo kansa ba, har la'asar ta yi. Na ce, "Matsa." Ya ce, "Ke, kina da hankali kuwa? Gaban mutane?" Na ratsa ta gefensa na wuce.

Na isa gaban Alhaji. Na durƙusa a cikin taɓon, nesa kaɗan da shi, kaina a ƙasa. Masu bugu suka tsaya cak. Na yi sallama, ya amsa yana kallon gefe kamar kullum, sai dai na ji mamaki a amsar.

"Baba, a gafarce ni. Jar shinkafarka da ke sito, an loda ta da shanshera yau da safe. Tana injin gumi a Argungu. Sun ce ba za su tsayar ba sai ka zo da kanka."

Ina jin kukan injin ban ruwa daga wata gonar. Kunya ta rufe ni har ina jin kamar in nutse a wurin, ga tsoro, ga haushi. Bai tambayi wanda ya yi ba, bai tambayi yadda aka yi ba.

"Da mota kinka zo?"

"E, Baba."

"Tashi mu tahi."

Ya shiga gaba, kusa da ni, abin da bai taɓa faruwa ba. Inna da maigidana suna baya. Ina tuƙi ina jin numfashinsa, idona a kan kwalta. Sau ɗaya maigidana ya buɗe baki ya ce, "Baba, wato abin da ya faru," Inna ta ce masa, "Yi mana shiru." Waya ta kama a hanya, na miƙa masa baya ya sake kiran injin, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Wani mai raƙuman albasa ya tsallaka titi a nutse, sai da na taka birki har Inna ta dafe kujera. Alhaji ko motsi bai yi ba, carbinsa ma a aljihu ya bar shi.

Tun kafin mu shiga harabar injin na ji ƙamshin. Duk wanda ya taɓa wucewa inda ake turara shanshera ya san shi, ƙamshi ne mai daɗi, amma ba a ranar ba. Motar tana tsaye a gefe, bayanta a buɗe, ba komai a ciki. Ga buhuna an zazzage an tara su wuri guda. A ƙasa, kusa da manyan tankunan da ake jiƙo, na ga guntayen kaba an yanke an watsar.

Mai injin ya fito da gudu da ya ga Alhaji, dattijo ne shi ma, yana ta marhabin. Alhaji ya gaisa da shi yadda ya kamata, har da tambayar iyali, sannan ya wuce wurin tankunan. Tururi yana tashi. Ya naɗe hannun riga ya tsoma hannu a ruwan da ni ko yatsa ba zan iya sa wa ba, ya damƙo ya fito da shi. Fara da ja a cakuɗe, jar da dogon gashinta a baki. Ya ɗauki ƙwara ɗaya ya sa a haƙori. Ya daɗe yana taunawa.

Ban haƙura ba. Na matsa kusa da mai injin na ce ko za a kwashe yanzu a shanya. Ya girgiza kai, ya ce tun kafin azahar ruwan zafi ya shige ta, wadda ta sha wannan ruwan ko a aljanna aka shuka ta ba za ta tsiro ba. Da ya gane abin da aka zuba, sai ya dafe kai yana salati, ya juya kan magatakardansa da faɗa. Alhaji ya ɗaga hannu.

"Bar shi. Ciniki ya halatta, ba ku ɗauki abin kowa ba."

Maigidana yana tsaye kamar an dasa shi. Ni hawaye nake, ba na ɓoyewa, kuma ba na tausayi ba ne kaɗai, da na baƙin ciki. Gidan irin nan yana nan a rumbun bayanaina, da makullinsa, na gina shi tun ranar farko. Tambaya ɗaya ce ba ta isa inda aka aike ta ba.

Sai na ga Alhaji ya nufi motar. Ya tsaya yana duban bayanta, ya ce a ba shi tsintsiya. Ma'aikata suka ruga za su hau, ya ce a'a. Ya kama ƙarfe ya ɗaga ƙafa, ya kasa, ya sake. Maigidana ya zo zai tallafa, ya ture hannunsa ba tare da ya dube shi ba. A karo na gaba ya hau. Dattijon da ake tashi tsaye in ya shigo masallaci, ga shi a kan gwiwoyinsa a bayan motar haya, yana sharo abin da ya zube daga buhuna a saƙo-saƙon katako. Abin da ya taru bai fi cikin kwano ba, ƙasa da tsakuwa da fara, jar kuwa sai an tona.

Ya tattaro shi gabansa ya fara tsince, yana kai kowace ƙwara kusa da ido, yana juyawa. Ya ɗauki fara ya ajiye a gefen ja. Ya sake ɗaukar wata farar. Hannunsa ya tsaya. Ba wanda ya iya gaya masa fara ce.

Ya ɗago, ya dube ni, ni ɗin, ido cikin ido.

"Ɗiyata, hawo. Idona ba shi raba su. Ke kika iya raba kaya."

Na hau. Na zauna gabansa a kan katakon, na jawo tarin wajena. Ya buɗe tafin hannunsa, wanda ruwan zafi ya mayar ja, ya riƙe shi a buɗe, ni kuma ina tsinto jar ɗaya-ɗaya ina sa masa. Duk wadda ta faɗa sai ya ce bismillah.